Hannun Malam Maccido

Ranar da aka ɗauke Baba daga zaure aka mayar da shi ɗakin baya, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Yaya Badaru ya kama shi ta hammata ɗaya, ɗan'uwanmu Ubaidullahi ya kama ɗayar, suka ratsa tsakar gida da shi yana jan ƙafa. Ni aka ce in biyo su da buzunsa da buta. A ɗakin nan muke tara fatun da ba a rina ba. Warin jima ya kama bango, taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabta take kallo.

"Nan ya fi mashi," in ji Yaya. "Zaure hayaniya ta yi yawa."

Baba ya dube ni. Tun bara fuskarsa ta daina nuna komai, kamar an ɗaure ta, sai ido kawai. Na shimfiɗa buzun, na ajiye butar, na fita ban ce uffan ba. Haka nake. A jami'a ma shekara huɗu na yi ina sanin amsa, ban taɓa ɗaga hannu ba.

Ba hayaniya ba ce ta sa. Duk wanda ya san aikin fata a Sakkwato ya san Malam Maccido na Ƙofar Taramniya. Masu saye ba sa cewa a ba su gafaka ko tumtum, cewa suke a ba su hannun Maccido, kuma ninki suke biya. Hannun kuwa shekara biyu ke nan yana karkarwa. Daga babban yatsa ya fara, kamar mai jan tasbaha, ya hau har kafaɗa. Basilla ta daina zama a yatsunsa. Ubaidullahi ne ke ɗinkin yanzu, ya ƙware a yadda Baba ke rufe bakin gafaka da siririyar koriyar fata, Yaya kuma shi ke ciniki. In baƙo ya tambayi Baba sai Yaya ya ce, "Shina ciki, shina aiki. Kun san tsoho, ba shi son a gane mashi sirrin ɗinki." A yi dariya, a saya.

Sati biyu bayan haka Sadiyatu ta kira ni. Ajinmu ɗaya a jami'a, ita kaɗai na taɓa gaya wa halin da Baba ke ciki. Ta samu aikin wucin gadi a asibiti, sashen masu ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa. Ta ce wata gidauniya ta ƙasar waje ta ba da tallafi a yi bincike kan irin wannan ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Fakinsin. Mutum tamanin ake nema. Duk wanda aka rubuta za a riƙa ba shi magani kyauta har shekara biyu, da motsa jiki, da duba shi kowane wata. Abin da za a nema a wurinsa kawai shi ne ɗan jini, da bidiyon hannunsa da tafiyarsa. Ranar Talata ake zuwa.

"Ba warkewa ake ba, kar in yi miki ƙarya," in ji ta. "Amma maganin na sakin jiki, mutum ya ci abinci da hannunai. Talata huɗu sunka rage. Ta ƙarshe, sha biyun rana na bugawa ake rufe rajista, kuma ba mu ke rufewa ba, daga can ake rufewa. Wasila, shekara shida shugabarmu ta yi tana rubuta takardun neman tallafin ga. In ba mu cika tamanin ba, su tattara su koma wani gari."

Kwana uku na yi ina juya maganar kafin na buɗe baki. Inna na fara samu, tana wanke wandunan Baba a bakin rijiya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta matse wandon, ta ce, "Ki hwaɗa wa babban yayanku. Ni mi nika iyawa?"

Na same shi yana karyawa da kunu da ƙosai, Ubaidullahi na gefe. Na durƙusa na faɗi abin da Sadiyatu ta ce.

"To! Likita ta iso," in ji Ubaidullahi. "Ashe digirin ga na magana."

Yaya bai yi dariya ba. Ya ajiye ludayi ya ce, "Wanga ba ciwon asibiti ba ne. Hannu anka sa mashi. Kin san dukawa nawa ke jin haushin sunanai cikin garin ga? Mutum shina zaune lahiya lau, ba a taɓa mashi ido ba, ba a taɓa mashi ƙafa ba, sai hannun ɗinki? Ke ba ki tunani?"

"Yaya, ai ƙafar ma ta kama."

"Sannan ki ce su ɗauki bidiyo. Hannun Malam Maccido shina rawa, a ɗauka, gobe ki gan shi cikin wayar kowa. Mutuncinai muke karewa. Tashi ki ba ni wuri."

Talata ta farko ta wuce.

A satin nan Baba ya fara tsayawa. Zai taso za shi banɗaki, yana zuwa bakin ƙofa sai ƙafafun su kafe, kamar an zuba musu siminti. Ya tsaya nan yana gumi, jikinsa ya karkata gaba, ƙafa ta ƙi bi. Ran Alhamis ya kife a kan turmi, girarsa ta tsage. Yaya ya ce kada a kira mai ɗinki na kyamis, Ubaidullahi ya goge da auduga ya liƙa filasta. Tuwo ya daina wucewa. Inna ta koma dama masa kunu, shi ma sai ya sarƙe, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Wata rana da hantsi na shiga na tarar ya jiƙa buzun. Ya daɗe yana kira, muryar ce ba ta kai tsakar gida. Ya juya fuska bango lokacin da nake janye buzun, ni ma na yi kamar ruwan buta ne ya zube.

Da na dawo da sabuwar tabarma sai na ga leɓensa na motsi. Na kai kunne.

"Yarinyar ga... ƙawarki. Mi ta ce?"

Ashe ya ji. Na gaya masa duka, har da jinin, har da bidiyon.

"Su ɗauka," ya ce. Ya huta. "Ki kai ni, ɗiyata."

Na ce to.

Ranar Litinin na sake samun Yaya. Wannan karon bai yi zancen sammu ba. Ya ce wani Alhaji Anas daga Abuja ya ba da aikin jaka ɗari uku na wani taro, kuma da sharaɗin hannun Maccido ya bayar. "Ki bari a gama. In anka gama ni da kaina zan kai shi, har Masar in kina so." Na ce rajistar ba za ta jira ba. Ya ce, "Su Turawan ga, don Allah suke ba da magani kyauta? Mi za su yi da jininai?" Na fara bayani, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu ya fita. Talata ta biyu ta wuce.

Ranar Alhamis wakilin Alhaji Anas zai zo duba samfur. Da misalin ƙarfe tara ina shara a ƙofar ɗakin baya, Yaya ya shigo ya wuce ni. Ta gefen labule na ga ya ɓallo wata ƙwaya, ya sa wa Baba a baki, ya ɗora masa kofi. Ya fito ya ce wa Inna a fiddo farar rigar nan a goge.

Kafin ƙarfe goma Baba ya miƙe da kansa. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallo. Ya zo bakin ƙofa, ƙafar ta ɗan yi jinkiri, sannan ta tsallake. Ya ratsa tsakar gida ba mai riƙe da shi, ya tsaya ya dubi bishiyar dogonyaro kamar bai taɓa ganinta ba, har ya ce wa Inna, "Dijatu, akuyar ga ta rame." Inna ta sa gefen zane ta rufe baki. Aka zaunar da shi a zaure, aka ɗora masa jar fata a cinya, aka sa masa basilla a hannu. Daga bayan ƙofa na ji baƙon yana cewa, "Baba, wannan hannu Allah ya ƙara masa albarka." Na ji dariyar Baba. Na fi shekara rabona da ita.

Ana kiran la'asar suka dawo da shi a tsakaninsu, yana jan ƙafa, miyau na zuba a kan farar rigar.

Washegari ni ke wankin Yaya. A aljihun rigarsa na sami katin maganin. Na karanta sunan, na sake karantawa. Shi ne dai wanda Sadiyatu ta ce ana bayarwa. Gurbi goma ne a katin, huɗu ba kowa. Na tuna baya. Ranar da mutanen gidan talabijin suka zo ɗaukar shirin sana'o'in hannu. Ranar da wata Hajiya ta zo da baƙinta daga Yamai. Ranar da Alhaji Anas ya fara zuwa. Sai jiya. Duk ranakun nan ina cewa a raina Baba ya tashi da sauƙi, har ina gode wa Allah.

Na same shi a zaure shi kaɗai yana yanka fata. Na ajiye katin a gabansa.

"Yaya, ka ce sammu ne."

Ya dubi katin, ya dube ni. Bai ji kunya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ɗauka ya mayar aljihu.

"Mai kyamis ya ce in anka riƙa ba shi kullum, jiki shina sabawa, ya daina aiki. Gara a aje don ranar buƙata."

"Buƙatar wa?"

Ban san maganar ta fita daga bakina ba sai da na ji ta. Ya ajiye wuƙar.

"Buƙatarki. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga sunan ga, har ke. Karatun da kinka yi, da mi anka biya? Kin san tsadar maganin ga? Sau uku a rana, kullum, har illa masha Allahu, wa zai iya?"

"Shi ya sa na ce a kai shi. Can kyauta ne."

"Can kuma layi ne. Rabin Sakkwato na zaune bakin asibitin nan ran Talata. Mutum ɗaya ya gan shi, magana ta ƙare. Ke kina ganin ba ni son Baba? Ni ke ɗaukar shi. Ni ke aske mashi."

Gaskiya ne, shi ke yi masa aski. Yana yi a hankali, yana tallafe masa haɓa.

Talata ta uku na ce zan fitar da shi ko da ba izini. Na kasa ko ɗaga shi daga tabarma, jikinsa ya sandare kamar itace. Na roƙi Inna ta kama mini. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murɗa hannu. "In mun tashe shi, ta ina za mu bi? Ƙofa ɗaya ce gidan ga, kuma suna zaune cikinta. Ki yi haƙuri, Wasila. Kar ki haɗa ni da ɗana." Sadiyatu ta kira sau uku, ban ɗauka ba. Na rubuta mata cewa muna nan tafe mako mai zuwa.

Ran Lahadi Yaya ya sanar cewa Alhaji Anas da kansa zai zo karɓar kaya ranar Talata, ƙarfe goma. Nan na ga wata 'yar hanya. In an ba Baba ƙwayar ƙarfe tara, ya tashi goma, baƙi su gaisa su tafi kafin sha ɗaya, da ƙafarsa zai fita. Keke napep minti ashirin ne zuwa asibiti. Na gaya wa Baba. Ya lumshe ido, ya buɗe.

Aka ba shi ƙwayar ƙarfe tara. Goma saura ya fito cikin farar riga, ya zauna a zaure, basilla a hannu. Ni na riga na sa hijabi, katin shaidarsa na cikin jakata. Goma ta yi, ba Alhaji. Goma da rabi Yaya ya kira, aka ce yana gaisuwar rasuwa a Unguwar Rogo, yanzu zai taso. Sha ɗaya ta yi. Baba yana zaune, jikinsa a sake, ƙafafunsa suna iya kai shi ko'ina, ana ƙona masa lokacin a kan buzu yana jiran mai jaka.

Na leƙa na yi sallama. "Yaya, don Allah. In kai shi yanzu, a rubuta sunanai kawai, mu dawo. Kafin Alhaji ya iso mun dawo."

"In ya iso ya tarar ba kowa fa?"

Sai Baba ya yi magana, da murya sosai, irin tasa ta da. "Badaru, ka bar ta ta kai ni."

Ubaidullahi ya sunkuyar da kai yana jan zare. Yaya ya matso ya gyara wa Baba hula, ya ce cikin taushi, "Baba, yanzu za su zo. Suna tahiya ni da kaina zan kai ka." Baba ya dafa ƙasa zai tashi. Yaya ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Bai danna ba. Ɗorawa kawai ya yi, ya bar shi a nan.

Ni kuma ina tsaye. Ƙofar waje taku biyar ce daga inda nake. Da na ɗaga murya da maƙwabta sun ji, da Yaya ya janye hannun don kunya. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Sai ga ƙarar mota, Yaya ya ce, "Shiga ciki, maza na zuwa," na shiga.

Ashe motar wucewa ta yi, sai sha biyu saura kwata suka iso. Alhaji Anas mutum ne mai fara'a da son labari. Ya ba da labarin gafakar da mahaifinsa ya saya wurin Baba tun yana yaro, har yau ɗinkin bai saki ba. Ina bayan ƙofa ina kallon agogon waya har sha biyu ta wuce. Can na hango yatsan Baba ya fara motsi. Yaya ma ya gani. Ya jawo babbar fata ya shimfiɗa masa har ƙirji wai Alhaji ya ga kyan rini, ya ɗaga murya yana ta zuba. Aka ɗauki hoto, Alhaji ya durƙusa gefen Baba yana murmushi.

Ƙarfe biyu suka fita duka, za su raka kaya tasha. Suka bar Baba a zaure, sun manta ba su mayar da shi ba. Na tare keke, mai keken ya taimaka muka cicciɓe shi. Inna ta tsaya a bakin zaure tana kallo, ba ta hana ba, ba ta kama ba.

Uku ta wuce muka isa. Sadiyatu tana haɗa takardu cikin kwali. Ta dubi Baba a keken marasa lafiya, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta juya mini na'urar in gani da idona. Shafin ya rufe. Ta kira shugabarsu, wata likita mai furfura da gilashi. Ta duba Baba da kyau, ta sa ya buɗe hannu ya rufe, ta tambaye ni yaushe ya fara. Da na ce shekara biyu sai ta cire gilashin ta murza ido.

"Arba'in da uku munka samu," ta ce. "Su za a ci gaba da ba su magani. Ba a ƙara kowa, kuma ba za a sabunta tallafin ba. Da kun zo da safe..." Ba ta ƙarasa ba. Ta rubuta mana takardar magani, sau uku a rana, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. "Kullum. Ba ranar da anka ga dama ba."

Muka kamo hanyar dawowa ni da Baba. Kansa na jingine a kafaɗata, hannun na bugun cinyata har gida.

Yaya yana tsaye a ƙofa. Bai tambayi abin da likita ta ce ba. "Wa ya gan ku?" shi ne abin da ya tambaya. Na miƙa masa takardar. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya ce a bari a ga yadda kasuwa za ta yi. Alhaji Anas ya ji daɗin aikin ƙwarai, ya yi alkawarin turo abokansa.

Sadiyatu ta ce a rahoton da za a aika wa masu tallafin za a rubuta cewa ba a sami isassun masu wannan ciwo ba a Sakkwato. Mutanen can za su karanta, su yarda, su kai kuɗinsu inda ake da majinyata. Ba laifinsu ba ne. Ba su san ɗakin bayanmu ba. Tun daga ranar, in na bi ta lungunan unguwarmu sai in riƙa kallon ƙananan tagogin baya, ina tunanin a cikinsu waɗanne ne ke ɓoye da sauran talatin da bakwai ɗin, kuma wace ce 'yar gidan da ta tsaya a bayan ƙofa ta yi shiru kamar ni.

Wata biyu ke nan. Baba ya daina juyawa da kansa, gefen ƙugunsa ya fara gyambo. Kunu cokali shida yake sha, in an yi sa'a. Na nemi aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi, sun ce sai sabon zango. Jiya da hantsi ina goge masa baki na ga leɓensa na motsi. Na ɗauka ruwa yake so, na kai kunne.

"Wasila."

"Na'am, Baba."

"Ki tambayi yayanki... yaushe baƙi za su sake zuwa?"